Ranar da Totur Ya Maƙale a Babura

Ranar kasuwar Babura, zamanin Turawa, tsohuwar motar Alhaji Maikasuwa mai sayen gyaɗa ta kutsa cikin 'yan hatsi da gudu, ta karya wa wata mai fura ƙafa. Kafin Sufeto Muhammadu Lawal na 'yan dokan En'e ya iso daga Kazaure, an ɗaure direban, Mamuda, kuma mutane sun gama yanke masa hukunci da baki: ganganci ne, sai gidan yari.

"Ranka ya daɗe, wallahi na ɗage ƙafata," in ji Mamuda. "Totur ne ya ƙi dawowa."

"Kowane direba haka yake cewa. Ya taɓa yi maka?"

"Ko sau ɗaya."

Sufeto ya shiga motar ya danna totur da hannu. Ya tafi ƙasa ya yi zamansa, sai da ya sa yatsa ya janyo shi. To, nan dai Mamuda bai yi ƙarya ba.

Ya zagaya zai ɗaga murfin inji, ya ƙi buɗuwa.

"Ƙugiyar ta lanƙwashe," in ji Mamuda a hankali. "Sai ka danna gefen hagu da gwiwa, sannan ka ja."

Da ya buɗe, ya bi sandar totur har zuwa kafireto, inda mota ke shan mai. Sifirin da ke dawo da ita lafiya lau, sandar ba ta tanƙware ba. Amma a mahaɗarta akwai wani baƙin abu da ya bushe ya yi ɓawo. Ya kankaro da farce ya shinshina, ba warin mai. Ya ɗora a harshe. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan ɗanɗanon. Tawada ce mai ƙaro, zafin inji ya ƙafar da ita ta riƙe ƙarfen gam.

Ya rufe murfin, ya sa aka kira Alhaji daga rumfarsa.

"Wa ke shiga inda motar take kwana?"

"Ni da Mamuda. Sai ƙanena Lauwali."

Aka zo da Lauwali, saurayi mai hula a karkace. Sufeto ya tambaye shi ko ya taɓa motar.

"Ni? Ko goge ta Yaya bai yarda in yi ba. Ban ma san ta inda ake buɗe ta ba."

"Shi ke nan, koma gefe."

Sufeto ya kama murfin ya yi ta kiciniya, yana ja yana nishi, 'yan kallo na dariya. Ya share gumi ya ce, "Kai, wannan sai direban gaske. Ashe ban da Mamuda, Babura ba wanda ya san mota!"

Lauwali ya yi tsaki. Ya matso, ya dafa gwiwa a gefen hagu, ya ja. Murfi ya yi sama.



"Ashe ka sani," in ji Sufeto.

Lauwali ya dubi yayansa, ya sunkuyar da kai.

"Har Kano na je na koyi tuƙi, Yaya ya tsallake ni ya ɗauko bare. Aka ba ni rubutu, aka ce in shayar da motar don ta ƙi shi. Na zuba mata a inda take sha. Wallahi ban san haka za ta yi ba."

"Ga baiwar Allah can da karaya. Ka yi wa alƙali bayani."

'Yan doka suka kwance igiyar hannun Mamuda suka ɗaura wa Lauwali, suka tasa ƙeyarsa.

Sufeto ya karɓi ruwan zafi wajen mai shayi, ya wanke mahaɗar tas, ya ɗiga mata mai. Mamuda ya tayar da mota ya taka. Inji ya yi ruri. Ya ɗage ƙafa, rurin ya sauka lakadan. Kasuwa ta ɗauki sowa.

"Sake takawa," in ji Sufeto, "na can baya ba su ji ba."