Lambar da Ta Rubuta

"Maimaita abin da kika ce!"

Ludayin da ke hannun Umaima ya suɓuce ya faɗa cikin tukunyar miya. Sumayya, 'yar gwaggonta, ta gyara zama a bakin rijiya tana duba lallen hannunta, kamar ba ita ta jefo maganar ba.

"Au... wai ba ki sani ba? Ni na ɗauka da shawararki aka yi. Kamfanin nan na masu gina gadoji, da kika je musu intabiyu Kaduna, ai tun ranar Litinin suka kira. Rilwanu ya ɗauka, a gabana, na kai cajata gyara. Ya ce musu su ba wani aikin, ke digiri na biyu za ki yi."

"Ƙarya kike!"

"Ni me zan ci da ƙarya? Na dai ce a raina, namijin da zai yi wa mace haka tun ba a ɗaura ba..."

Duk unguwar Ƙofar Kuyambana an san Sumayya ta daɗe tana kai lafiyayyar caja gyara shagon Rilwanu. Umaima ma ta sani. Amma yau ba ta wannan take ba. Ta fizgi hijabinta a kan igiya ta fice, ko miyar ba ta sauke ba.

Shekara biyar ta yi tana karatun injiniyan gine-gine, ta yi bautar ƙasa, ta dawo gida ta zauna wata goma sha ɗaya tana aika takardu. Ranar da za ta cika fom ɗin kamfanin nan, mahaifinta Malam Aƙilu, malamin zaure, ya ce 'yar gidansa ba ta rarraba lambarta ga mazan da ba a san asalinsu ba, ta sa ta wani namiji na gida. Yayyenta duk ba sa gari. Rilwanu kuwa ɗalibin Malam ne, kuma har an sa musu rana.

Sai ta rubuta lambarsa, tana murmushi.

A shagonsa da ke Kongo ta same shi, ya kwance cikin wata inbata yana haɗa wayoyi. Yana ganin fuskarta ya ajiye sukundireba.

"Injiniyata... lafiya?"

"Kar ka ƙara kirana da wannan sunan! Wa ya kira ka ranar Litinin?"

Ya shiga tattara wayoyin da ke gabansa.

"Da kai nake, Rilwanu!"

"Ki zauna mu yi magana, hasken idona. Mutane na kallo."

"Su kalla! Wa ya kira ka?"

"Wani Injiniya Jalo. Sun ɗauke ki. Aikin gada ne can bayan Gombe, shekara biyu."

Wata goma sha ɗaya tana jiran wannan maganar, ga shi ta zo mata a bakin wanda ya binne ta.

"Kai kuma ka ce me?"

"Umaima, ki saurare ni da kyau. Masu digiri ɗaya sun cika ƙasar nan, ko'ina ka juya su ne. Idan kika yi mastas, da matsayi za ki fara. Jami'a za ta iya riƙe ki, ki koyar, ki yi bincike, ki zauna a ofis da mutuncinki. Shekara biyu ne kacal! Me za ki yi a daji cikin leburori?"

"Aikin da na karanta zan yi! Duk inda na kai takarda abu ɗaya suke tambaya, shekara nawa kika yi a fili? Ba wanda ya taɓa tambayata digiri nawa gare ni. Rajistar injiniya ma sai da shekarun aiki. Mastas gudu zai yi? In na dawo na san abin da nake so in zurfafa a kai, sai in yi."

"Wannan maganar wanda bai san duniya ba ce."

"Kai da ka sani fa?" Ta nuna bangon shagon, inda ya rataye takardar digirinsa na biyu cikin gilashi, a saman tarin batura. "Ga naka can. Shekara uku yana kallonka kana gyaran caja!"

Maganar ta shige shi. Ta ga yadda idonsa ya kaɗa, amma ba ta janye ba.

"Na gode," ya ce a hankali. "To ki ji sauran. Jalo ya ce shi ba ya karɓar amsar injiniya ta bakin wani, zai jira muryarki zuwa gobe Alhamis. Amma ko na ba ki lambarsa ba inda za ki. Jiya na kai wa Malam fom ɗin mastas ɗinki a zaure. Ya sa albarka, an shafa fatiha a gaban mutane."

"Ka faɗa masa kamfani sun kira?"

Ya sunkuyar da kai.

"Allah Ya isa... a'a, ba zan faɗa ba. Ka ci darajar karatun da kake ɗauka a gidanmu!"

A gida Inna Jummai, mahaifiyarta, na kankare ƙonanniyar tukunya. Ta saurari labarin har ƙarshe, sannan ta ce, "To sai me? Yaron nan gata ya yi miki. Jikar limamai da hular kwano, tana ihu a kan masu kwaɓa siminti! Me zan ce wa dangi?"

"Ki ce musu 'yarki ta gina gada, Inna!"

"Rufe min baki! Maganar da aka shafa wa fatiha a zaure ta ƙare. So kike a ce Malam yana magana biyu?"

A nan gizo ke saƙar. A cikin birnin Zariya, mutum irin Malam Aƙilu ba shi da gona ba shi da kanti. Maganarsa ce jarinsa. In ya faɗa a gaban jama'a, ko shi ba ya iya ɗagawa sai da dalilin da jama'ar za su ji da kunnensu.

Umaima ta fahimci haka. Saboda haka ba ta jira ya shigo cikin gida ba.

Bayan la'asar zaure ya cika da magidanta, kowa da littafinsa a buɗe, Rilwanu na can gefe kansa a ƙasa. Mace ba ta shiga zaure lokacin karatu, ita ma ba ta shiga ba. Ta durƙusa a bayan asabarin ƙofar cikin gida, inda mata ke tsayawa in suna da tambaya, ta yi sallama.

"Allah Ya gafarta Malam, fatawa nake nema."

Malam ya gane muryar. Ya ce, "Muna ji."

"Mutum ne aka ba shi saƙo ya kai wa wani. Sai ya riƙe saƙon, ya mayar da amsa da bakin mai saƙon, alhali mai saƙon bai ma ji ba. Mene ne hukuncinsa?"

"Ya ci amana. Sai ya isar da saƙon, ya nemi yafiya."

"To in ya je gaban babba ya ɓoye wannan saƙon, har aka shafa fatiha a kan abin da ya kawo?"

Malam ya cire tabarau ya ɗora a kan littafi.

"Fatiha ba ta rufe ƙarya," ya ce. "Wane ne?"

Duk fushin da Umaima ta kwaso daga Kongo, ta kasa tona Rilwanu a gaban abokan karatunsa.

"Ni ne, Malam."

Rilwanu ya miƙe, ya zo gaban buzun Malam ya durƙusa. Ya faɗi komai, tun daga kiran ranar Litinin, bai rage ba.

"Me ya kai ka?" Muryar Malam ta yi kaushi. "Shekara tara kana zama a nan!"

"Tsoro, Malam. Na ce mata don ci gabanta ne, har ni ma na so in yarda. Gaskiyar ita ce mastas a nan Zariya ake yi, kullum zan gan ta. Gada kuwa... za ta tafi ta zama babbar injiniya, ta dawo ta same ni a cikin batura. Na ji tsoron ranar da za ta kalle ni ta ga ban kai ba."

A bayan asabari Umaima ta toshe baki da hijabi. Maganar da ta yaɓa masa a shago ta dawo mata.

Malam ya dubi jama'a ya ce, "Ni ban san mastas ba, ban san gada ba. Amma ni na hana ta sa lambarta, ni na jawo. Ku shaida, fatihar jiya a kan rabin magana aka yi ta. Umaima, wanne kike so?"

"Aikin, Baba. Karatun zan yi shi daga baya, in sha Allahu."

"Akwai matan aure a inda za su sauke ki?"

"Akwai gidan ma'aikata mata, na tambaya tun ranar intabiyu."

"To. Kai kuma fito da wayar. Inda ka ɓata, nan za ka gyara."

A gaban kowa Rilwanu ya kira, ya buɗe muryar wayar kowa na ji. "Injiniya, ni ne na ranar Litinin. Ƙarya na yi maka, ba ta san ka kira ba. Ga ta."

Ya tura wayar ta ƙarƙashin asabari.

"Injiniya Umaima?" in ji Jalo. "Dama na yi mamaki. Wadda ta yi gardama da ni a kan kaurin rodi ba ta yi kama da mai aiko wani ya ce ta fasa ba. Litinin, ƙarfe takwas, ofishinmu na Kaduna."

Kwana huɗu ba ta ɗauki wayar Rilwanu ba. Inna na ta ƙunƙuni tana ɗaura mata yaji da kuka a leda. Sumayya ta sake kai caja Kongo, Rilwanu ya jona ta a gabanta, ta kawo wuta, ya miƙa mata abarta ya ce ta gaida gida.

Ranar Litinin da safe Umaima ta fito da jakarta, ta tarar da shi a ƙofar gida riƙe da wani kwali.

"Ƙaramar sola ce, ni na haɗa. An ce can ba wuta." Bai iya kallonta ba. "Ba don ki kira ni ba... don dai kar wayarki ta mutu."

"Har yanzu ina jin haushinka."

"Na sani."

"Abin da na faɗa a kan takardarka... bai kamata ba."

"Gaskiya ce ai."

"Gaskiya ce, amma ba ni ya kamata in faɗa ba. Ɗauko jakar, ka tsaya kana kallona!"

A ofishin Kaduna aka ba ta fom ɗin sababbin ma'aikata. A layin lambar waya ta rubuta tata, da manyan baƙaƙe, har biron ya kusa huda takardar. Can ƙasa ta ga wani layin: wanda za a kira in wani abu ya same ki.

Ta leƙa ta taga. Rilwanu, da ya rako ta, yana tsaye a bakin get cikin rana, rungume da kwalin, ya ƙi zama.

Ta ja tsaki.

Sannan ta rubuta lambarsa, ba tare da ta duba waya ba. A layin dangantaka ta sa: mijina, bayan Babbar Sallah.