Mai Tare Wa Auta Iska

Ranar da Dogo ya fara ganin Auta, ba ya cikin halin da namiji zai so mace ta gan shi. Harshe a waje, riga ta manne a gadon baya, keken tseren da ya sayo na hannu yana tafiya kamar an ɗaure shi da igiya. A titin bayan gari ne, wanda ya miƙe ɗoɗar tsakanin gonaki, iskar safiya kuma ta sa masa ƙirji tana mai da shi inda ya fito.

Sai ya ji wani gunji a bayansa kamar na zuma. Ayarin 'yan keke ne, sun jeru ɗaya bayan ɗaya, taya na neman taɓa taya. Suka wuce shi fuu. Har mu 'yan ƙarshen layi, masu tumbin da rigar keke ta ƙi rufa wa asiri, muka wuce shi, abin da ba kasafai Allah ke ba mu ikon yi wa kowa ba.

Mutum ɗaya ce ta rage gudu. Siririyar yarinya, ɗankwali a ƙarƙashin hular kwano, idanunta suna dariya tun kafin bakinta ya fara.

"Malam, kai kaɗai kake dambe da iskar nan? Biyo bayana. Matso da tayarka kusa da tawa, kada dai ka taɓa."

Ya matso. Nan take iskar ta ɓace kamar an rufe ƙofa. Haka abin yake a harkarmu: na gaba shi ke fasa iska, na bayansa yana tafiya a laɓe, da rabin wahala. Dogo bai san wannan ba. Shi dai ya ga tun da ya bi bayan yarinyar nan duniya ta yi masa sauƙi, sai ya ɗauka daga Allah ne.

Daga ranar ya zama ɗan ayari. Muka san cewa a kantin magani yake aiki, shi kuma ya san cewa Auta malamar makaranta ce, kuma autar Kaftin. Kaftin shi ya kafa ƙungiyarmu. Tsohon ɗan tsere ne mai shagon gyaran kekuna, kuma tun da gwiwarsa ta yi masa tawaye yake bin mu a baya a kan babur, da tayoyi a kafaɗa da usur a baki.

To, akwai wata ƙa'ida da ba a rubuta ba. Idan na gaba ya gaji, sai ya kaɗa gwiwar hannunsa sau ɗaya, ya kauce gefe, na bayansa ya karɓi iska. Haka ake yi, karɓa-karɓa, har a dawo gida. Dogo kuwa kullum a bayan Auta yake kafa tayarsa. Idan layi ya kawo ta gaba ta yi nata, sai ta kaɗa gwiwa. Shiru. Ta sake kaɗawa. Shiru. Ta kauce gefe, shi ma ya kauce tare da ita kamar inuwa. Sai dai wani daga baya ya yi tsaki ya zagaye su.

Ita ta ɗauka ƙarfi ne ba shi da shi, ba ta so ta kunyata shi. Mu kuma muka ƙi gaya masa, don mun daɗe ba mu samu abin dariya kyauta ba.

Wata safiya mun tsaya shan shayi a bakin hanya, sai ga Dogo ya zaro wani ɗan kwali daga aljihun bayan rigarsa, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Na lura gwiwar hannunki tana damunki. Man zafi ne, mai kyau. Ki riƙa shafawa safe da yamma."

Wani dattijo a cikinmu shayi ya fito masa ta hanci. Auta ta yi dariya har ta dafa sirdin kekenta, hawaye na zuba. Da ta samu numfashi ta yi masa bayani a hankali, shi kuwa ya tsaya da tsawonsa yana neman ramin da zai shige. Amma man ba ta mayar masa ba.

Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta.

"Ranki ya daɗe, yau na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Ashe duk kwanakin nan tura ni gaba kike yi, ni kuma ina can ina tausaya miki."

"Ai ba a taɓa tausaya mini da kyau haka ba, Likitana. Gobe dai ka shiga gaba, ko kaɗan ne."

"Idan na shiga gaba ba zan gan ki ba, Jagorata."

"Za ka ji ni. Ina da baki."

Daga nan abu ya kankama. Ya fara karɓar iska, ko da yake da ya shiga gaba gudun ayari kan faɗi har mu tsofaffi mu samu damar gaisawa. Saƙonni kuwa ba su faɗi ba. Da ya ga zuciyarsa ta ƙi zama wuri ɗaya, sai ya sa rigarsa mai kyau ya nufi shagon Kaftin.

Ya same shi a zaune kan ɗan benci, ƙafafun kekuna na rataye a saman kansa, ga kwanon ruwan da ake neman huji a gefe, ko'ina warin giris. Kaftin yana daidaita wata taya, yana juya ta yana kanne ido ɗaya. Dogo ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi ta kewaye-kewaye, daga bisani ya faɗi abin da ya kawo shi. Kaftin bai katse shi ba, bai kuma daina juya tayar ba.

"Yaro, na daɗe ina bin ayari a baya, kuma daga baya ake ganin halin mutum. Ƙato kamarka, ka laɓe a bayan 'yata tana fasa maka iska. Ba zan ba ka ita ba."

Dogo ya ce wallahi a lokacin bai san ƙa'idar ba.

"Na yarda ba a gaya maka ba. Amma kana bayanta, ba ka ji tana haki ba?"

Wannan tambayar ita ta raka Dogo har gida.

Ga kuma Injiniya. Saurayi ne mai keken da za ka ɗaga da yatsa biyu, mai ƙafafu kamar turmi, kuma ya daɗe da sa ido a kan Auta. Yana da wata baiwa: da ya ji ƙarar babur ɗin Kaftin ta matso, sai ka gan shi a gaba yana fasa iska kamar jirgi. Da babur ya ja baya, shi ma ya ja. Kaftin yana yabonsa a gaban kowa.

Sai Dogo ya ɓace daga ayari. Auta ta riƙa waiwaye a hanya har ta kusa kai wa wani karo. Ta tura masa saƙo: "Tayarka ce ta yi faci ko zuciyarka?" Ya amsa da kalma biyu: "Ina nan." Ta kifa wayar a kan gado, ta ce wa kanta ashe Baba ya fi ta ganin mutane. Washegari ta bar Injiniya ya raka ta har ƙofar gida yana ba ta labarin kekensa.

Umma, mahaifiyar Auta, ita ta warware zancen. Ta je kantin magani karɓar na hawan jininta, ta dawo tana cewa yaron nan dogo ko lafiya? Ya yi baƙi, igiyar hular kwano ta bar masa zane a kumatu, kuma da zai sauko daga kan ɗan tsani sai da ya riƙe kanta kamar mai jego. Da ta matsa masa, ya ce kullum bayan asuba yana hawa tudun bayan gari shi kaɗai, yana neman inda iska ta fi ƙarfi.

Auta ta ɗauki waya tun Umma ba ta rufe baki ba.

"An ce kana tafiya kamar kakana. Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ba na so ki sake yi mini haki, Jagorata."

"To ka saurara, Likitana. Tseren shekara ya matso. Ina so in gan ka a layi."

Tseren na 'yan sha'awa ne, maza da mata a tashi tare, amma kowa da kofinsa. Kofin mata ya sha kufce wa Auta, kullum ta biyu take zuwa a bayan wata ma'aikaciyar banki da ba ta san gajiya ba. A wajen tashi, Injiniya ya dafa ƙirji a gaban Kaftin ya ce yau shi zai tare wa Auta iska har layin ƙarshe.

Aka busa usur, muka zuba. Gari ya koma baya, gonaki suka buɗe, sarƙoƙi na kuka, kowa ya sunkuya. A tsakiyar tudu Auta ta canza giya, sarƙarta ta zame. Kafin ta sauka ta mayar, ayarin gaba ya yi nisa, da ma'aikaciyar banki a ciki. Injiniya ya waiwaya sau ɗaya, ya auna nisan, ya auna kofin maza, ya ci gaba.

Ta hau ita kaɗai, iska ta tare ta a saman tudu. Sai wata doguwar inuwa ta gifta ta gefenta ta dawo gabanta.

"Matso, Jagora."

Dogo a gaba ƙofar gida ne guda. Auta ta shige bayansa ta ji iskar ta ɗauke ɗif. Ya sunkuyar da kai ya taka, ya taka, gonaki na gudu a gefe, ayarin da ya zama ɗigo ya fara girma. A bayansu kuma ga ƙarar babur ɗin Kaftin, ya matso ya ƙi wucewa.

Amma ƙarfin mutum yana da iyaka. Kafaɗun Dogo suka fara rawa, keken na karkata hagu da dama, ayarin ya daina matsowa. Auta ta ce ya kaɗa hannu ta karɓa. Ya girgiza kai. Ina zai koma bayanta, Kaftin na kallo?

"Likitana, gudunmu raguwa yake yi. Ba don Baba muke tseren nan ba. Ba ni hanya."

Ya ji ƙarar babur, ya ji muryarta. Ya san idan ya kauce, wataƙila ya kauce ke nan har abada. Ya kuma san idan bai kauce ba, kofinta ya tafi. Sai ya kaɗa gwiwar hannunsa ya ba ta hanya.

Ta wuce kamar kibiya, ya faɗa bayanta ya sha numfashi. Can ta kaɗa tata, ya fito. Ya kaɗa, ta fito. Suka yi ta juyawa kamar hannu biyu na mai tufka, har suka ji hakin 'yan ayarin gaba. A bakin gari Dogo ya yi jan ƙarshe, ya kai ta har tayar ma'aikaciyar banki, sannan ƙafafunsa suka ce sun gama nasu.

Auta ta ci tseren da tazarar da ba ta kai faɗin taya ba. Dogo bai gani ba. Yana zaune a bakin kwalbati, jijiyar cinyarsa ta ɗaure, yana cije leɓe. Har ni na zo na wuce shi, na yi masa sannu cikin ladabi.

Kaftin ya kashe babur a gabansa. Ya sauko ya kama ƙafar ya miƙar da ita, ya danna yatsun sama har jijiyar ta saki. Dogo ya sunkuyar da kai ya ce a yi haƙuri, ya san an sake ganinsa a bayanta.

"Na gani. Da ka ƙi sauka daga gaba, na ce wannan ma don idona yake yi, kamar Injiniya. Sai ta yi magana ka ji, alhali ka san ina kallo." Ya saki ƙafar ya goge hannu a wando. "Ka ce wa mahaifinka ina son ganinsa. Amma tashi ka kai keken nan layi tukuna. Ba na ba da 'ya ga wanda bai ƙarasa ba."

Dogo ne ya zo na ƙarshe, har an fara naɗe tutoci. Auta na tsaye a kan layin da kofi a hannu, ta ƙi a ɗauki hoto sai ya iso.

Ba a ja lokaci ba aka sa rana. Muka hallara ƙwai da kwarkwata cikin kayan mutunci, tumbinmu ya samu sutura, har ba ma gane juna sai an yi magana. Injiniya ma ya zo, ya ci abinci sosai. Da aka ɗaura, Kaftin ya miƙe zai sa albarka. Ya ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya ce Allah ya sa kowa ya zama hutun ɗan'uwansa, daga nan ya shiga share ido. Ya tsaya yana gyara hula, muka cika masa da amin.

Dogo ya zaro waya a ɓoye ya tura wa Auta saƙo.

"An ɗaura, matata."

"Na ji, mijina. Baba ya yi kuka?"

"Ya ce mura ce."

"Nan ma Umma ta kamu. Ka zo da wuri, kafin ni ma ta kama ni."

Allah ya bar su tare, ya ba su zuriya mai albarka, masu dogayen ƙafafu da jin magana.