Kwalin da Aka Rufe da Bismillah

Da la'asar sakaliya aka ɗauke wuta a unguwar maƙera ta garin Wazirabad, kamar kullum, injinan wasa ƙarfe suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Shafqat Mughal ya ajiye magagari, ya fito tsakar gida yana jan ƙafa, bayansa a riƙe. Kakansa wuƙaƙe ya ƙera, ubansa takubba, shi kuwa ga inda duniya ta kawo shi: kwalkwalan mayaƙan sararin samaniya irin na finafinai, da bindigogi masu fitila waɗanda ko sauro ba za su kashe ba. Manyan mutane ke saye, wasu har da furfura, daga ƙasashen da bai taɓa takawa ba. Ko fim ɗaya bai taɓa kallo har ƙarshe ba, barci ke kwashe shi. Amma a nuna masa hoto, sai ya fitar da abin har da tsagar da ke gefen ido.

Matarsa Shagufta tana gasa gurasa a bakin murhu. 'Yarsu Zunaira, wadda ta gama makaranta bara, tana kishingiɗe a gadon igiya tana ba masu saye amsa a waya, don ita ce mai Turancin gidan. Ana fara kiran sallar magariba wani dutse ya faɗo tsulum cikin tukunyar miya.

"Yaran maƙwabcinmu Basharat ne," in ji Shagufta, tana share fuska. "Wallahi yau sai na je har gaban uwarsu."

Dutse na biyu ya sauka kusa da ƙafar Shafqat. Ya ɗauka ya ji shi da ɗumi. Ya hau soro ya duba, babu kowa, sai layin kwalkwalan da ya shanya don fenti ya bushe, duk sun zuba masa ramukan idanunsu. Yana tsaye na uku ya zo, ba daga waje ba, daga cikin ɗakin aikinsa da ya kulle da hannunsa.

Daga ranar kowace magariba sai an yi jifa. Tun suna gudu ɗaki har suka gaji, suka koma kifa kwano a kan abinci suna ci a tsaye. Sannan murya ta biyo baya, muryar mace, a dishe, tana kiran wani suna da kunne ba ya iya riƙewa. Daga cikin kwalkwalan take fitowa, ta fara da na farkon layi ta bi su har na ƙarshe. Da safe kuma a tarar an farke kwalaye, an watsar da soson da ake naɗe kaya da shi, ba a ɗauki ko allura ba. Abin da ya fi ɗaure wa Shafqat kai, kwalayen da ya riga ya liƙe ya buga musu hatimi ba a buɗe su, sai dai ya ga sawun farce a jikinsu.

Odar mutane ta taru. Wani daga Jamus yana ƙorafi, wani daga Japan yana neman hoton kayansa, wakilin kamfanin jigila yana zuwa yana komawa hannu rabbana. Shafqat ya rame, idanunsa suka faɗa. Tsoron ma ya gaji da shi, barci kawai yake so.

Wata magariba aka nemi Zunaira aka rasa. A soro ya same ta, a durƙushe, ba mayafi, tana ɗaga kwalkwali ɗaya bayan ɗaya tana leƙawa, tana kiran sunan nan da muryar nan.

"Zunaira. Tashi mu sauka, 'yata."

Ta juyo ta dube shi irin kallon da ake yi wa ɓarawon da aka kama. Ya tallafe ta ya sauko da ita.

An kai ta asibiti a Gujranwala, aka ɗauki hoton kai, aka ce lafiyarta ƙalau, aka rubuta maganin barci. Ta daina ci sai an ɗura mata. Da rana tana kwance ido buɗe, da yamma ta tashi neman abin da ba wanda ya sani, farcenta duk ya kakkarye. Shagufta ta yi kuka har hawaye ya ƙi zuwa.

"Baban Zunaira," ta ce masa wata rana, ko kallonsa ba ta yi ba, "tun yaushe nake ce maka ka daina tara mana kawunan nan marasa jiki? Ka ce suna ciyar da mu. To, ga shi sun fara cin namu."

Shafqat ya tashi. Ya saka takalmi ya tafi ɗauko Qari Inayatullah.

Qari Inayatullah tsoho ne mai gemu ja da lalle, limamin wani ƙaramin masallaci a bakin kogin Chenab. Ya zo a bayan babur yana riƙe da hularsa. Ya ƙi shayi. Ya zagaya gidan a hankali, ya hau soro da ƙyar yana nishi, ya tsaya a kan kwalkwalan.

"Nan suke kwana?"

"Lokacin damina fenti ba ya bushewa da wuri, Qari sahab. Sai in bar su su sha iska."

"A buɗe? Har magariba ta wuce?" Tsohon ya girgiza kai. "Kai wanda uwarka ba ta barin ko moɗa ta kwana ba murfi. Ka jera wa aljanu ɗakuna a saman gidanka, har da tagogi, sannan kana mamakin baƙi."

Aka zaunar da Zunaira a tabarma, uwarta na riƙe da kafaɗunta. Bayan an idar da sallah ya fara karatu, muryarsa ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Duwatsu suka yi ta sauka a tsakar gida bai ɗaga kai ba. Can jikin yarinyar ya sandare, bakinta ya buɗe.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni a banza."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba ta yi min komai ba. Ubanta ne." Yatsan Zunaira ya miƙe ya nuna Shafqat. "Ya ɗauke min ɗa."

"Ni?" Shafqat ya dafe ƙirji. "Na rantse da Allah..."

"Rufe baki. Ƙaramin yaro ne, sanyi yake ji. Ya shiga baƙin kwanon nan mai jan ido ya kwanta, da asuba ka hau ka ɗauke shi, ka cusa a kwali, ka liƙe, ka ce bismillah. Kullum sai ka ce bismillah! Abin da aka rufe da sunan nan ba ma iya buɗe shi, daga ciki ko daga waje. Ina jin kukansa mota ta zo ta tafi da shi. Na bi ta har filin jirgi, kwalaye dubu, duk iri ɗaya."

Shafqat ya sulale ya zauna a ƙasa. Ya tuna kwalkwalin. Shi ne na farko cikin sabon samfuri, wani mutumin ƙasar Norwe mai suna Eirik ya saye shi tun kafin a zuba ƙarfensa.

"Ai da sauƙi," in ji Qari. "Tuni mai shi ya buɗe kayansa."

"Bai buɗe ba," Shafqat ya ce a hankali. "Ba zai buɗe ba. Irinsu ba sa buɗewa, Qari sahab. Suna jera kwalayen ne a ɗaki da hatiminsu, wai da an fasa hatimi darajar abin ta zube."

Tsohon ya dube shi sororo. "Mutum ya sayi hula daga wata duniya, ya ƙi ko ganinta?"

"Haka suke."

"To, ni ma haka nake," in ji muryar. "Nawa yana cikin duhu, taka ma ta zauna cikin duhu. Ba zan buɗe ba."

Aka daɗe ana ja-in-ja. Qari ya yi lallashi, ya yi barazana, ya tuna mata cewa mutumin nan bai sani ba, kuma Allah ba ya kama wanda bai sani ba. Ta ce Allah ne wannan, ita uwa ce. A ƙarshe ya ce, "In an buɗe kwalin a gabanki, za ki fita?" Ta ce za ta fita. Sai dai Turancin Shafqat bai wuce gaisuwa da farashi ba, don haka dole ta saki harshen yarinyar na ɗan lokaci.

Zunaira ta yi ajiyar zuciya, idanunta suka dawo nata. "Abbu? Me ya samu hannuna?"

Ya so ya rungume ta, ba lokaci. Ya faɗa mata abin da ake ciki a gaggauce, ya danƙa mata waya. Ta saurara, ta ce, "In na gaya masa gaskiya zai ce mun haukace. Abbu, sai dai in ce batirin fitilar yana da lahani, zai iya kama wuta. Amma ka sani zai faɗa wa sauran masu saye."

"Ya faɗa wa duniya. Kira shi."

Fuskar Eirik ta fito a waya, jajir, da gilashi, bayansa kwalaye ne har rufi. Zunaira ta yi masa magana a natse, da ladabi, kamar ba ita ce ke kwance ba ci ba sha. Mutumin ya ɓata rai, ya yi gunaguni, ya kama kai. Da ya ji zancen wuta dai ya tashi ya sauko da kwalin, ya kawo wuƙa, ya tsaya yana kallon hatimin kamar za a yanka masa ɗa. Sannan ya tsaga.

Jajayen idanun kwalkwalin suka kama da kansu. Karen mutumin ya fasa haushi, labule ya tashi sama, taga ta bugu da bango. Bayan tagar ba komai sai baƙin daji.

Wayar ta faɗi daga hannun Zunaira, muryar nan ta dawo da kururuwa. "Ya fita! Wayyo, ya gudu, ya shige itatuwa, bai san kowa a can ba!"

"Alkawari," in ji Qari. "Fita."

"Zan fita. Amma ka ji muryata, tsoho, ta ƙare wajen kiransa. Ko yana kusa ba zai ji ni ba. Ta yarinyar nan ya sani, da ita yake barci in tana hira a soro. Zan ara."

"Ba mu yi haka da ke ba!"

"Jikinta na ce zan bari, ga shi nan. Ranar da na same shi zan dawo mata da ita, na rantse da wanda ya halicce ni da kai."

Qari ya ɗaga murya da karatu, amma ina, ta riga ta tafi. Zunaira ta zube a cinyar uwarta. Da ta farfaɗo ta sha ruwa, ta ci gurasa har biyu, ta dubi uwarta ta buɗe baki za ta ce Ammi. Iska kawai ta fito.

Jifan ya tsaya. Damina ta wuce, sanyi ya shigo. Masu saye da yawa sun janye, Shafqat bai bi ta kansu ba, ya koma ƙera wuƙaƙen kicin yana kaiwa kasuwa. Zunaira ta murmure, tana aikin gida, tana murmushi, in tana son abu ta taɓa hannun mutum. Likitoci sun ce maƙogwaronta lafiya lau. Qari kuma ya ce irinsu ba sa karya rantsuwa, sai dai lokacinsu ba irin namu ba ne, a yi haƙuri. Haƙurin ne dai ya yi wa Shafqat nauyi, don ya gaji, gajiya irin wadda barci ba ya maganinta.

Wata yamma Eirik ya aiko da saƙon murya. Zunaira ta saurara, ta rubuta wa ubanta fassarar a tafin hannunta da biro: wai kullum rana ta faɗi yana jin wata yarinya a dajin bayan gidansa tana kira, 'yan sanda sun duba ba su ga kowa ba, ga shi ya naɗo, ko sun san wane harshe ne.

Shafqat ya danna. Iska ce ta fara fitowa, da haushin kare daga nesa. Sannan muryar 'yarsa, tsaf, tana kiran sunan nan, ta yi shiru tana sauraro, ta sake kira. Shagufta ta toshe baki da mayafi. Zunaira ta matso ta kara kunne a wayar, ta ji har ƙarshe, ta ɗago ta yi wa ubanta alama da yatsa ya sake sakawa.

Ya sake sakawa.