Gashin Kuncin Zinatu

"Wayyo Baba, ka bari!"

Zinatu ta janye fuska, amma mahaifinta Malami ya sake tsoma tsumma a ruwan zafi ya danna mata a kunci. Shekara talatin yana ɗori a Aliero, a wurinsa duk kumburi gashi ne maganinsa.

Kwana huɗu ke nan da Waliyyu, direban motar albasa a Jega, wanda aka sa musu rana, ya kai ta asibiti a Sakkwato ita da Gwaggo Mairama, saboda ciwon haƙori. Likita ya huda haƙorin, ya wanke saiwarsa, ya cike. Ya ce da ma akwai mugunya, in ya kumbura a dawo, kada a sa masa zafi.

An ɓoye wa Malami. Naja'atu, 'yar maƙwabta mai son Waliyyu kamar ta mutu, ita ta kai labari.

"Ɗiyar mai ɗori anka kai asibiti!" in ji Malami. "Gobe a maida ma Waliyyu kayanai, na hwasa auren!"

Washegari idon Zinatu na hagu ya rufe ruf, ga zazzaɓi. Tsoro ya kama ta, amma na rasa Waliyyu ya fi yawa.

Da hantsi Waliyyu ya iso, ya durƙusa gaban Malami a zaure.

"Baba, na yi laihi. Ka hana ni ita in ka so... amma bari in maida ta ga likita."

"Tashi ka ba ni wuri!"

Sai ga Zinatu ta fito, bakinta da ƙyar yake buɗuwa.

"Baba... ni ce nir roƙe shi. Wata biyu ban barci ba, shi kaɗai yal lura."

Malami ya taɓa kuncin da yatsun da ba su taɓa ɓata karaya ba. Ya lalaba, ya sake lalabawa. Babu abin da zai ɗora.

Ya ɗauki hularsa, ya shige gaban mota.

A Sakkwato aka buɗe haƙorin, mugunya ta fita, aka ba da magani. Likita ya tambaya ko an gasa wurin.

"Ni na gasa," in ji Malami, kansa a ƙasa.

A hanyar dawowa Waliyyu ya saci kallon Zinatu.

"Sannu, abar ƙaunata..."

Malami ya yi gyaran murya.

"Dubi hanya, yaro. In ka kada mu, wa za ni ba ɗiyar?"