Filon Da Baba Ya Ɗinka Wa Bango

Ranar da ta fara ganinsa, yana tsaye a tsakiyar falonsu da kyandir a kunne, ƙarfe huɗu na yamma, rana ba ta ko yi sanyi ba.

Dawowarta daga aiki ke nan. A gidan wanki take aiki, kuma makon ne duk wanda ke da bargo yake tunawa da shi. Tun safe ta ɗaga talatin da ɗaya, jiƙaƙƙu, daga wannan inji zuwa wancan. Kafaɗunta sun yi tsami.

"An ɗauke wuta ne?" ta tambaya.

"A'a, iska nake nema," in ji shi, bai ko juyo ba.

Ya bi gefen taga da kyandir ɗin a hankali. Duk inda harshen wutar ya karkata, sai ya yi alama da alli. Mai gyaran tagogi ne, mahaifinta ya kira shi ya liƙe su kafin sanyi ya kankama. Da ya gama zagaye ya hure kyandir, ya juyo, ya ga ƙunshin labulen da ta rungumo. Ya karɓa ba tare da ya tambaya ba, ya ajiye a kan kujera.

"Sannu da aiki," ya ce.

Ta daɗe ba ta ji wannan kalmar a cikin gidan nan ba. Ta ce yawwa, ta wuce kicin.

Su biyu ne a gidan, ita da Baba. Mahaifiyarta ta rasu shekara huɗu da suka wuce, yayyenta sun yi aure a nesa, ita ce auta. Baba tsohon tela ne, ciwon ƙirji ya sa ya rufe shago ya dawo da kekensa ɗaki. Duk shekara in ganye ya fara zuba, aikin iri ɗaya ne, kuma a kanta yake: a sauko da barguna daga saman kabad, a shanya su warin kafur ya fita, a canza labule masu kauri, a kwashe ganye daga indararo, a nemo ɗaya ƙafar safar Baba.

Aikin tagogi ya ci kwana uku. A rana ta biyu ta tarar an share indararon. A rana ta uku ta tarar da bargunan a ƙasa, an jera su a kan tabarma.

"Wannan ba ya cikin aikinka," ta ce.

"Tsani na nan, ni ma ina nan. Ke kuma na ga yadda kike ɗaga hannu."

Ya liƙe tagogi shida da roba, ya sake bi da kyandir, wutar ta tsaya cak. Abu ɗaya ya bari. A saman bangon falo akwai wata 'yar kafa mai raga, faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba. Baba ya nuna ta da sanda.

"Samari, ka manta waccan."

"Ban manta ba, Baba. Ita ba a toshe ta. Ta nan ɗakin yake shan iska."

"Shekara arba'in ina ɗinki," in ji Baba, "ban taɓa miƙa wa mutum riga da ɗinki a buɗe na ce masa don ta sha iska ba ne."

Auta ta yi dariya daga kicin. Mai tagogi ya tattara kayansa, amma ya bar tsaninsa a bayan gida. Ya ce gobe zai ɗauka. Bai ɗauka ba.

Saƙonsa na farko ya shigo wayarta washegari da hantsi, tana tsaye gaban injin busarwa.

"Barka da aiki, Uwar Barguna. Nawa yau?"

"Sha tara, kuma azahar ba ta yi ba. Mai Kyandir, ka samo iskar?"

"Na samo. A gidanku na baro hankalina, tare da tsani."

"Tsanin dai na gani."

Haka suka yi mako biyar. Ba su da lokacin dogon zance. Yakan tsaya a bakin gidan wankin in ta tashi, su taka zuwa tashar bas, minti goma sha biyu. Rannan ya miƙa mata man shafawa a 'yar kwalba, don ya ga bayan hannunta ya tsage saboda sabulu.

"Ni ba na iya magana mai daɗi," ya ce. "Amma ina so in riƙa ɗaukar rabin abin da kike ɗauka."

"Rabin nan ma da nauyi fa."

"Na sani. Na ɗaga bargon Baba."

Ya turo kawunsa ya nemi izinin aurenta. Baba ya karɓi baƙon da mutunci, ya ba shi shayi, sannan ya ce a'a. Dalilinsa ɗaya ne, kuma ya nuna shi da sanda.

"Wanda ya bar rami a bango ya ce ya gama, haka zai riƙe iyali. Ban ba shi ba."

Labari ya kai wa Goggo, ƙanwar Baba. Ranar Asabar sai ga ta da ɗanta, mai shagon kayan wuta, wanda ta daɗe tana yi wa Auta tallansa. Ya shigo da babban kwali. Hita ce ta ɗumama ɗaki, mai aiki da kananzir.

"Kawu, bana ba kai ba tari," in ji shi.

"Ka ga ɗan halak," in ji Goggo. "Wani ya bar maka rami, wani ya kawo maka ɗumi. Auta, ba za ki ce wa yayanki an gode ba?"

"An gode, Yaya."

Mai tagogi ya ga motar shagon a ƙofar gidan sa'ad da yake wucewa. Bai tambaya ba.

Sanyi ya sauka a makon. Hita ta yi aikinta, falo ya yi ɗumi, Baba ya mai da kujerarsa kusa da ita. Amma kafar nan ta hana shi sakat. Ya ce iskarta a ƙeyarsa take sauka. Ranar Litinin ya sa Auta ta hau kujera ta auna masa ita da tef. Ya buɗe keke a karon farko cikin wata takwas. Daga ragowar yadin kwat da audugar tsohuwar katifa ya ɗinka ɗan filo mai kusurwa huɗu, har da layin zare a gefe. Ko allura ba za ta wuce ta gefensa ba.

"Baba, ya ce ba a toshewa."

"Shi ya haife ki ko ni?"

Ta ɗaga barguna ashirin da shida a ranar. Ba ta da ƙarfin gardama. Ta hau kujera ta cusa filon, ya zauna daram. Baba ya dube shi ya gyaɗa kai, irin na wanda ya gyara aikin wani.

Daga nan ta fara dawowa gida kanta ya riƙa sarawa. Takan zauna a falo don ta cire takalmi, sai ta farka bayan awa biyu da takalmi ɗaya a ƙafa. Baba ma ya zama mai yawan gyangyaɗi, abinci ya daina yi masa daɗi. Ta ce gajiya ce, shi ya ce tsufa. Da safe in ta fita aiki kan ya saki, wannan ya ƙara tabbatar mata cewa ganin aikin gida ne ke sa ta ciwon kai.

Saƙonni suka taru a wayarta.

"Uwar Barguna, lafiya? Jiya ban ji ki ba."

"Na tsaya a bakin aikinku, aka ce kin nemi izini kin tafi da wuri."

"Idan na yi laifi ki faɗa mini. Idan kuma an yanke magana a gida, shi ma ki faɗa mini, zan iya ji."

Ranar Alhamis ta amsa, idonta rabi a rufe.

"Na gaji. Ka bar ni tukuna."

Ya karanta a kan tsanin aro, a gidan wasu. Ya haɗa da motar shagon da ya gani, ya ga lissafi ya fita. Bai sake rubutu ba. Ita kuma da ta ga shiru, ta ɗauka maganar Baba ce ta kore shi. Ba ta yi kuka ba. Ta wanke labulen kicin.

Ranar Lahadi bayan azahar ya zo ɗaukar tsaninsa. Ya yi niyyar ya zagaya ta baya ya ɗauka ya tafi, ba sallama. Amma mai tagogi ba ya wuce gida bai dubi taga ba. Gilasan falon sun yi gumi ta ciki, ruwa na gangarowa layi-layi. Ya ɗaga kai. Ta cikin ragar kafar nan ya hango yadi mai ruwan toka.

Ya buga ƙofa sau uku. A na huɗu ta buɗe, tana dafe da bango, fuskarta a kumbure da barci.

"Ka zo ɗaukar..."

"Fita waje. Yanzu."

Warin kananzir ya tare shi a bakin falo. Ya kashe hita, ya bi tagogin da ya liƙe da hannunsa ya wangale su ɗaya bayan ɗaya, ya taka hannun kujera ya fizge filon. Baba na zaune, kansa a langaɓe, tef ɗin awo a wuyansa. Mai tagogi ya kira shi bai amsa da kyau ba. Ya saɓe shi a kafaɗa ya fito da shi tsakar gida, cikin sanyi.

A asibiti aka sa wa Baba iska ta hanci, aka riƙe shi kwana biyu. Likita ta yi bayani a taƙaice: hita mai kananzir a rufaffen ɗaki tana cinye iskar kirki, ta bar wadda ke sa barci, wani barcin ba a tashi. Ɗan Goggo ya zo dubiya jikinsa a sanyaye, ya ce ai an rubuta a takardar da ke cikin kwalin. Babu wanda ya karanta ta, har shi.

A barandar asibitin Auta ta zauna kusa da mai tagogi, ta bar tazarar mutum ɗaya.

"Ni na cusa shi," ta ce.

"Na ga ɗinkin. Ba naki ba ne."

"Na ɗauka ka haƙura da ni."

"Ni ma na ɗauka kin zaɓi mai hita."

"Haba, Mai Kyandir. Ko amsa saƙo na kasa, ina na ga ƙarfin zaɓen wani?"

Ya yi murmushi, ya matso da rabin tazarar.

Ranar da aka sallami Baba, ya sa a kira masa mai tagogi. Baba na kwance a falo cikin bargo biyu, hita a kashe, kafar bango a buɗe. Filon na kan cinyarsa.

"Ɗinkin ba shi da laifi," in ji Baba.

"Ko kaɗan, Baba. Da ya yi sako-sako ma da ba a je asibiti ba."

Baba ya yi tari, ko dariya, ba a tantance ba. Ya murza gefen filon.

"In ka tafi da ita, wa zai sauko mini da barguna baɗi?"

Auta ta sunkuyar da kai. Ta gane wannan ce tambayar tun farko, ba ramin bango ba.

"Ni ne mai tsani, Baba. Kuma akwai ɗaki biyu da za a saki a layin bayanku. Na riga na duba tagoginsu."

"Ka duba da kyandir?"

"Da kyandir."

"To, ka ce kawunka ya dawo."

An ɗaura aure a makon ƙarshe na sanyi, ranar Asabar da safe. Yayyenta sun zo, Goggo ta zo ta fi kowa kai-kawo. Rigar ango Baba ne ya ɗinka ta, ya yi mako uku a kanta, bai yarda kowa ya taɓa ba. Da ango ya saka, ya ɗaga hannu, sai ya ji iska a ƙarƙashin hammatarsa ta dama. An bar ɗinki a buɗe, tsawon ɗan yatsa, an kalmashe bakinsa tsaf.

"Baba, nan fa?"

"Ban manta ba," in ji Baba. "Nan ba a toshewa."

Sannan ya kama hannun Auta, wanda tsagewarsa ta fara warkewa, ya ɗora a na mijinta.

"Ta gaji da yawa a gidan nan, ban ce mata sannu ba. Kai ka riƙa ce mata. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku ga sanyin baɗi da na bayansa tare."

Aka ce amin. Tsanin yana nan a bayan gidan Baba, ba a ɗauke shi ba.