Wanda Ya Nuna Maɓoyar Ate Divina

Jonalyn na tsugune a tsakar ɗaki tana cusa kayan yayarta cikin buhun shinkafa, ita kuwa yayar, Ate Divina (Ate shi ne Yaya a harshenmu), na zaune a bakin gado dafe da haƙarƙari, da ƙyar take jan numfashi. Mijinta Arnel ne ya karya mata ƙashi da ƙafar kujera, wai don abincin rana ya huce. Ba shi ne na farko ba, mu da muke katanga ɗaya da su a garin San Pablo na ƙasar Filifin mun sha jin ihunta. Amma wannan karon sai da aka kwashe ta zuwa asibiti, 'yan sanda suka shigo maganar, kotu ta ba ta odar kariya ta wata guda: kada Arnel ya kusance ta, kada ya kira ta, kada ya aiko kowa.

A bakin ƙofa Rodel yake tsaye yana murza hularsa. Ga inda abin ya cakuɗe: Rodel ƙanin Arnel ne ciki ɗaya, Kuya yake ce masa, wato yaya namiji, kuma shi ne saurayin Jonalyn. A bikin yayyen nasu suka fara haɗa ido, yanzu har an sa rana bayan bikin Ista, an yi wa fadan coci magana, rigar amarya na wurin tela.

"Rodel, kalle ni," in ji Jonalyn. "Inda za ka kai mu yau, daga ni sai kai sai Allah. Ko Nanay ɗinka da ta haife ka kada ta ji."

"Haba Jona! Ate Divina fa ni ma yayata ce."

Ya yi alamar gicciye a ƙirji, ya ɗauki buhun ya sa a adaidaitarsa. Shi ya kai su wani ɗan ɗaki a bayan shagon wanki na wata ƙawar Jonalyn, can ƙarshen gari.

Wanda bai taɓa shiga ginin kotun nan ba, ba zai gane wahalarsa ba. Ranar farko Jonalyn da yayarta sun yi rabin yini a ƙofar da ba tasu ba, sai da wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta tausaya ta zaunar da su ta warware musu. Ashe shari'a biyu ce. Ta kotun saman bene ta laifin duka ce, gwamnati ce ke ƙarar Arnel, Divina shaida ce kawai, ko ta ce ta yafe ba shi ke rufe fayil ba. Ta ƙasa kuwa tata ce, ta odar kariya, wadda alƙaliya ke sabuntawa wata-wata har ranar da za ta yanke ko ta zama ta dindindin ko a soke ta. Matar ta ce ta ƙasan nan su riƙe ta da hannu biyu, don ita ce ke tsakanin Divina da ƙafar kujera.

Uwar samarin, Aling Sioning, ba ta zauna ba. Ta je wurin shugaban unguwa ya shiga tsakani, ya ce doka ta hana shi yin sulhu a irin wannan magana. Ta je wurin waɗanda suka tsaya wa auren Arnel da Divina a coci, suka zame. Sai ta juyo kan Rodel. Ba ta yi masa faɗa ba, ai ta fi haka wayo. Kullum ya dawo aiki ya kama hannunta ya ɗora a goshinsa neman albarka, kamar yadda kowane ɗa yake yi, sai ya ji hannun jiƙe da hawaye. Wata ranar Lahadi bayan an taso coci ta dafa miyar kaza da citta da ɗanyen gwanda, ta ɗaure tukunyar a tsumma.

"Yarinyar nan surukata ce, ƙashinta a karye, wa ke dafa mata? Kai ni in ajiye tukunya kawai, ɗana. Ko zama ba zan yi ba."

Ya ce ya yi alkawari. Ta ce to, ta gane, ita da ta haife shi ce ta zama abin gudu. Kun san sauran. Ya ɗauke ta, kuma tun kafin su fita layinmu ya hango babur ɗin Arnel a madubi. Bai tsaya ba, bai juya ba. Wannan shi ne abin da ni har yau in na tuna raina yake ɓaci.

Jonalyn ce ta buɗe ƙofa, don muryar tsohuwa ta ji. Arnel ya shigo ta bayan uwarsa, ya zube a gwiwa yana kuka, yana "sori, sori," yana roƙon Divina ta je ta janye ƙara. Da ta ce a'a, sai kukan ya ɗauke kamar an kashe rediyo, ya shaƙe mata wuya ya haɗa ta da bango. Aling Sioning na tsaye a ƙofa rungume da tukunya. Matan shagon wanki ne suka ɓamɓare shi. Da Jonalyn ta fito da gudu neman taimako, sai ta ga adaidaitar da ta sani a kan kwana, da mai ita a ciki ya sunkuyar da kai. Ko fitowa bai yi ba. Ya kwashi uwarsa suka tafi.

Sai ga sabuwar rigima a kotun ƙasa. Lauyan Arnel ya ce ai ba a karya oda ba, Divina ce da kanta ta kira wayar Rodel ta ce a zo a shirya. Aling Sioning ta ɗaga hannu ta rantse a kan haka, da carbin coci a wuyanta. Lauyar Divina ta gaya musu gaskiya: idan alƙaliya ta yarda cewa Divina ce ta gayyato su, odar dindindin za ta yi wuya, kuma Arnel yana waje a kan beli.

Baranda ɗaya ce a ginin, benci biyu suna kallon juna, mai duka da wadda aka daka kowa na jin numfashin kowa. Rodel yana bencin can, kusa da uwarsa, riƙe da jakarta. Jonalyn ta tsallaka ta tsaya a kansa, ta zare zoben baikonta ta sa masa a tafin hannu.

"Kuya Arnel bai ba ni mamaki ba, mun san halinsa. Kai na ba amana. Kai kaɗai ka san ƙofar nan, Rodel."

Ya buɗe baki, uwarsa ta taɓa masa gwiwa, ya rufe.

Jonalyn ta sha kuka, ba zan ɓoye muku ba, don son yaron nan take yi kamar ranta. Amma ba ta kira shi ba, ba ta roƙe shi ba. Ta sake wa yayarta maɓoya. Ta dinga neman izini a masana'antar da take aiki, yau ɗage zama a sama, gobe sabunta oda a ƙasa, har masu gadin ƙofa suka daina bincika jakarta. Tela ya aiko a zo a gwada riga, ta ce ya ajiye. Da lauya ta ce za ta aika wa Rodel sammaci, Jonalyn ta ce ɓata takarda ne, abin da uwarsa ta karanta masa shi zai maimaita. Ate Divina ce ta ce a aika, ya zo ya faɗa a gaban idonta.

Ranar zaman, a kan matakala Aling Sioning ta gyara wa Rodel wuyan riga tana yi masa raɗa. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Aka kira shi, ya ɗaga hannun dama ya rantse, lauya ta tambaye shi ko Divina ta taɓa kiran wayarsa.

Ya dubi alƙaliya ya ce:

"Ba ta kira ni ba, ranki ya daɗe. Ni na kai Nanay. Na ga Kuya yana bin mu a madubi, ban tsaya ba. Na ji ihun Ate daga inda nake, ban fito ba."

Arnel ya zabura yana zagi, aka danne shi. A wannan zaman alƙaliya ta mayar da odar ta dindindin, ta kuma sa a wuce da Arnel gidan yari saboda raina umarnin kotu, ga shari'ar sama tana jiransa. Ate Divina ta kifa kai a kan teburi tana kuka.

A baranda Rodel ya nufi uwarsa, ya sunkuya ya miƙa hannu zai kama nata ya kai goshi. Ta mayar da hannun bayanta.

"Ɗa ɗaya na haifa, ga shi can an tafi da shi."

Ta sauka matakala ba ta waiwayo ba. Ya tsaya a sunkuye da hannu a miƙe, jama'a na ratsa shi ta ko'ina. Sai Ate Divina ta taso a hankali, har yanzu tana ɗan dafe gefenta, ta sa hannunta a cikin nasa. Ya ɗora shi a goshi ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

Kada ku zaci Jonalyn ta faɗa jikinsa a wurin. Ta kama yayarta suka wuce. Sai da ya shekara yana kwana a ɗakin haya, yana zuwa kowane zama na kotun sama yana zama a bencin su Jonalyn ba tare da an gayyace shi ba, sannan ta karɓi zoben. An ɗaura auren a cocinmu, bencin dangin ango babu kowa sai direbobin adaidaita.

To 'yan mata da samari, ku ji da kyau. Haƙurin da Allah yake sakawa ba shi ne na zama a sha duka a yi shiru ba, irin na Jonalyn ne, da ta jure hawa da saukar kotu ba ta sayar da 'yar'uwarta don aure ba. Biyayya ga uwa wajibi ce, amma ba ta kai a nuna ƙofar wanda ya ɓuya don tsira da ransa ba. Amana kuma in ta karye ana iya gyara ta, sai dai ba ta komawa yadda take.

Yanzu 'ya'yansu biyu, suna zaman lafiya. Duk ƙarshen wata Jonalyn takan dafa miyar kaza ta kai wa yayarta. Rodel yakan sauke ta a tashar mota, ya miƙa mata tukunyar, ya juya gida. Har yau bai san inda Ate Divina take zaune ba, kuma bai taɓa tambaya ba.