Tokar Murhun Gogo

"Suna ɗaya kawai nake nema, Ikram! Ɗaya!"

Muktar ne tsaye jikin mashin ɗinsa a ƙofar gidan su Ikram da ke Nassarawo. Bai zauna a kan tabarmar da ta shimfiɗa masa ba, ruwan da ta kawo ma bai kalle shi ba.

"Hamma, rage murya mana... Baba yana zaure." Hamma take ce masa, wato yaya da Fulatanci.

"Ya ji! Shekara da shekaru ina yawo cikin rana gida gida, ina tantance tsofaffin da suka cancanci tallafi. Yau wadda zan aura ce za ta tsaya gaban farfesoshi, ogana na zaune, ta ce aikina na banza ne?"

"Ban ce na banza ba ne."

"To me kika ce?"

Ikram ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Digirin dokta take yi a jami'a, bincikenta kuwa a kan yadda tallafin gwamnati yake isa ga tsofaffin mata a Yola da Jimeta. Abin da ta gano shi ne ya kawo wannan rigimar. Ma'aikaci zai shiga gida ya tambayi tsohuwa ko tana samun abinci, ko tana da mai kula da ita. Tsohuwar Bafulatana kuwa, ko cikinta yana kuka, ba za ta buɗe baki ta ce tana jin yunwa ba. "Jam tan," za ta ce, wato lafiya lau. Sai ma'aikaci ya yarda ya wuce gida na gaba, tallafi ya wuce tare da shi.

"Na ce kunya tana hana su faɗa, ku kuma kuna karɓar amsar farko."

"Ni ma Bafulatani ne, kar ki koya mini kunya. Faɗa mini tsohuwa ɗaya da na tsallake!"

"Na yi musu alkawari, Hamma. Duk wadda ta yi magana da ni, sunanta ba zai fita daga bakina ba."

"Har ni?"

"Har kai, masoyina..."

Ya yi wata dariya mara daɗi, ya ɗaga hular kwano.

"Ba zan ba ka suna ba," ta ce da sauri, "amma ka zaɓi duk gidan da ka ga dama. Ka je ranar da ba a sa ran zuwanka, kar ka yi tambaya, ka zauna har lokacin girki ya wuce. Sannan ka dubi murhu."

"Murhu! Shi ne ilimin dokta?" Ya buga mashin. "Zan gaya wa su Baffa su dakata da zuwa sa rana. Macen da take ɓoye mini abu tun a waje, ban san me za ta ɓoye a ɗaki ba."

Ya tafi ya bar ta da hayaƙi.

Ta daɗe tsaye tana kallon hanyar da ya bi. Da zai san sunan da ke bakinta! Gogo Na'inna ce, yayar mahaifinsa da ta raine shi tun yana maraya, wadda take zaune ita kaɗai a Yolde Kohi. Tun da ruwa ya cinye mata gona bara, sai ta wuni ba ta hura wuta ba. Ranar Juma'a da ta san Muktar zai zo gaisuwa, maƙwabciyarta Hilda ce take miƙo mata tuwo ta katanga, ita kuma ta juye a kwanonta ta ajiye masa kamar ita ta tuƙa. Sai da Ikram ta yi ta zuwa tana taya ta sussukar masara kafin tsohuwar ta saki baki. Ranar kuwa ta kama hannunta ta ce, "Ki rubuta a littafinki, amma ɗana kada ya ji. Ba zan zame masa kaya ba yana shirin aure."

Tun daga lokacin Ikram take bi ta wurin Hilda da ɗan gari da mai, ita kuma Hilda ta dafa ta miƙa ta katanga ba tare da Gogo ta ji nauyi ba.

Tana juyowa ta ga mahaifinta a bakin zaure, awon ɗinki rataye a wuyansa. Malam Hayatu tela ne a kasuwar Jimeta, kuma mutum ne da ko yaro ya yi tari sai ya kasa cin abinci.

"Na ji komai," ya ce. "Ikram, ki cire wannan wurin daga littafin nan."

"Baba..."

"Ni ban wuce firamare ba, ban san yadda ake zama dokta ba. Amma na san yadda ake rasa miji! Ƙannenki biyu suna ɗakunansu. Duk wanda ya zo, sai a ce masa tana karatu, tana karatu. Yanzu Allah ya kawo yaro mai hankali, za ki kore shi saboda murhun mutane?"

"In na cire, tsofaffin nan fa, Baba?"

"Ni tsohon da ke gabanki fa? Ni ba na cikin binciken?"

Hawaye ya zubo mata. Shi ma ya kawar da kai, ya shiga gida, ya fito, ya sake shiga, ya kunna rediyo ya bar shi yana ta magana shi kaɗai.

Kwanakin da suka biyo baya Ikram ba ta san inda za ta sa kanta ba. Ta buɗe kwamfuta, ta rufe. Ta ɗauki waya ta nemo lambar Muktar, ta rubuta "Gogo ce", ta zuba wa kalmomin ido har suka dishe mata, sannan ta goge. Kalma biyu kacal, aurenta ya dawo. Amma sai ta tuna hannun tsohuwar, busasshe mai ɗumi, yadda ya riƙe nata.

Asabar ɗin da aka shirya zuwan baffannin Muktar ta zo ta wuce. Malam Hayatu ya riga ya sayi goro, ya sa an wanke manyan tabarmi. Haka ya zauna a zaure cikin sabuwar rigarsa, duk mashin ɗin da ya wuce sai ya leƙa. Maƙwabcinsu Malam Apollos, tsohon malamin makaranta, ya tsaya da kekensa.

"Hayatu, yaya baƙin namu? Ko har sun tafi ban samu goro ba?"

"Jam tan, Apollos. Lafiya lau, wani ɗan uzuri ne ya riƙe su."

Ikram tana jin su daga tsakar gida. Mutumin da ko kunun safe bai iya sha ba, shi ne yake cewa lafiya lau har da murmushi. Da ya shigo suka haɗa ido, sai ya tsaya. Ya gane abin da ta ji.

"To, me zan ce masa?" ya faɗa a hankali. Ya zauna a bakin rijiya ya cire hula. Can ya ce, "Bar shi a littafin. Gaskiya kika rubuta. Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri."

Wannan maganar ta fi faɗansa sa ta kuka.

Ranar Talata da la'asar tana shanya kaya ta ji tsayuwar mashin. Kafin ta gyara mayafi Baba ya shigo da sauri, takalmi ɗaya a ƙafarsa.

"Shi ne! Fita mana, me kike jira? A'a, tsaya, wanke fuskarki... Kai, bar shi, je ki haka!"

Muktar yana durƙushe a bakin tabarma. Idanunsa sun yi ja, gwiwar wandonsa da yatsunsa duk toka.

"Na je ne don in ƙaryata ki," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Na ce bari in fara da gidan da na tabbata ba za ki ci ni ba. Gidan da na tashi."

Ikram ta dafe ƙirji.

"Ta yi murna, ta ce me ya kawo ni ba Juma'a ba. Na zauna. Azahar ta yi, ba a ɗora komai ba. Sai hira take ja, tana leƙen katanga, ashe Mama Hilda ta tafi coci taron mata. Da ta shiga alwala na sa hannu a murhu..." Ya dubi yatsunsa. "Sanyi ƙalau, Ikram! Har gizo-gizo ya yi saƙa a bakin tukunya. Matar da ta goya ni! Ni da nake raba wa tsofaffin gari tallafi!"

"Hamma, ka yi haƙuri..."

"Na tambaye ta ko kin sani. Cewa ta yi, yarinyar nan tana da riƙon amana, in na bari ta wuce ni, kada in ƙara taka mata gida."

Dariya da kuka suka haɗe wa Ikram lokaci guda.

"Na so in ɗauko ta, ta ce ba inda za ta ta bar awakinta. Mun dai hura wuta tare kafin in taho." Ya ɗago ya dube ta. "Ranar da za ki kare aikinki, a layin gaba zan zauna kusa da oga. In ya musa, ni zan tashi in ba shi amsa. Ki yafe mini, sanyin idona."

Daga cikin zaure aka yi gyaran murya.

"Goron nan dai bai bushe ba tukuna!"

"Asabar in sha Allahu, Baba," Muktar ya amsa yana sunkuyar da kai.

Sai a lokacin ya jawo kofin ruwan da ta fito masa da shi, ya sha, ya bar shatin toka a jikinsa. Ya kalle ta sosai, ya ga yadda ta rame.

"Ban ma gaishe ki ba. Yaya kike?"

"Jam..." ta fara, sai ta tsaya. Ta share ido da bakin mayafi. "A'a, Hamma. Ba lafiya ba. Tun ranar da ka tafi ban ci abincin kirki ba."

Ya miƙe tsaye yana karkaɗe wando.

"To shiga ki ɗora tukunya. Ina nan zaune, sai na ga hayaƙi zan tafi."